Yadda Akuyar Sakkwato Ta Zama 'Yar Maroko

Akwai wata kalma da kusan kowane babban harshe na Yammacin Turai yake da irin tasa. Ba a jin ta a bakin ma'aikatan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, amma ta shafi guminsu fiye da yadda ta shafi mafi yawan masu furta ta. Bafaranshe yana cewa "maroquin", Ba'italiye ya ce "marocchino", mutumin Fotugal ya ce "marroquim", na Holan ya ce "marokijn", ɗan Ingila kuwa ya ce "morocco". Dukansu abu guda suke nufi, wato lallausar fatar akuya da aka jeme da kyau aka rina, irin wadda ake yi wa littattafai masu daraja bango da ita, ake kuma ɗinka jakunkuna da takalman manya. A wannan makon ina so mu bi sawun wannan kalma, mu ga inda ta fito da inda ta biyo, domin a ganina tarihinta yana ɗauke da wani darasi da Kano ba ta gama koya ba har yau.

Asalin kalmar sunan gari ne. A ƙarni na 11 daular Murabiɗun ta kafa birnin Marrakesh, ta mai da shi mazaunin mulkinta. Fataken Turai da suke hulɗa da daular sai suka riƙa kiran ƙasar baki ɗaya da sunan birnin, kowa da yadda harshensa ya iya lanƙwasa shi. Sifaniyawa suka ce "Marruecos", mutanen Fotugal suka ce "Marrocos", Italiyawa suka ce "Marocco", Faransawa suka taƙaita shi zuwa "Maroc". Mu ma "Maroko" da muke faɗa a yau daga bakin Turawa muka karɓo shi. Su kuwa masu ƙasar, da Larabci Magrib suke kiran ta, wato mafaɗar rana, kalmar da ta ba mu "magariba". Turkawa har gobe Fas suke ce mata, da sunan ɗaya babban birnin nata. Tun daga nan mai karatu zai lura cewa baƙo yakan raɗa wa wuri suna ne da ƙofar da ya shiga ta cikinta.

Daga sunan ƙasa, kalmar ta koma sunan haja. Tun ƙarni na 16 Faransawa suke kiran jemammiyar fatar akuya da ke zuwa musu daga gaɓar Arewacin Afirka "maroquin". Da tafiya ta yi nisa sai ma'anar ta faɗaɗa, ta koma nufin duk wata fatar akuya da aka jeme da tsirrai aka fito mata da ƙwayar ido, ko a ina aka yi ta. Shi ya sa a wajen masu ɗinkin littafi na Ingila ake samun "morocco" ta Turkiyya, da ta gabashin Bahar Rum, da ta Afirka ta Kudu, har da wata da suke jingina wa Faransa, wadda ita fatar tunkiya ce ma aka yi wa kwaikwayo. Kalmar ta tsinke daga ƙasar da ta haife ta, ta zama shaidar inganci.

Ba ta tsaya nan ba. A Faransa duk sana'ar ƙera kayan fata, daga jakar hannu zuwa ɗamara da walat, sunanta "maroquinerie", kuma da wannan suna manyan kantunan Faris suke tallata jakunkunan da kuɗin guda ɗaya zai sayi garken awaki. Sifaniyawa sun ara, suna cewa "marroquinería". In ka ga jaridun Faransa sun ce wane yana farautar "maroquin", to kujerar minista yake nema, domin a da cikin jakar irin wannan fata minista yake riƙe takardunsa. A garin Alessandria na arewacin Italiya kuwa, inda kamfanin huluna na Borsalino yake, akwai wani zirin fata mai launin ƙasa da ake sa wa a cikin hula, ana kiransa "marocchino". Italiyawa suna cewa daga launinsa ne wani nau'in gahawa da ake haɗawa da koko da kumfar madara ya samo sunansa. Ka ji inda sunan birni guda ya kai, daga shagon baduku zuwa majalisar ministoci da kofin gahawa.

Wannan kalma tana da 'yan uwa, kuma duba su zai ƙara haska mana hanya. A harshen Sifaniya ana kiran irin wannan fata "tafilete", daga Tafilalt, yankin da tsohon birnin Sijilmasa yake, inda ayarin raƙuma ke sauke kaya bayan sun ƙetare Sahara. Akwai "guadamecí", fatar da ake yi wa zane da ruwan zinariya a manna a bango, wadda sunanta ya fito daga Gadamas ta ƙasar Libiya. Akwai kuma fatar Ƙurɗuba ta Andalus, wadda ta shahara har Faransawa suka ciro sunan mai ɗinkin takalmi daga gare ta, suna ce masa "cordonnier". Marrakesh da Tafilalt da Gadamas da Ƙurɗuba duk garuruwa ne da suka iya aikin fata, amma abin da ya haɗa su ya wuce haka. Kowannensu kasuwa ce da mai saye na Turai yake iya kaiwa gare ta ko ya ji labarinta. Abin da ke bayan kasuwar, can kudu da hamada, bai gan shi ba, don haka bai ba shi suna ba.

A nan ne ƙasar Hausa ta shigo cikin labarin. Hassan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya tashi a birnin Fas, kuma a littafinsa na bayanin Afirka da aka buga a Benis a 1550 ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir, waɗanda ake kai aikinsu Tambutu da Gawo. Bayan shekara ɗari uku, a 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zauna a Kano ya rubuta abin da ya gani a kasuwarta. Cikin hajojin da ya lissafa akwai takalma da ƙiraga da jajayen fatu da aka rina da ruwan karan dawa, waɗanda ake kaiwa da yawa har Tarabulus. Wannan rini shi ne karan dafi da majemanmu suke amfani da shi har yanzu. Hanyar kuwa sananniya ce: daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, zuwa Gat, zuwa Gadamas, sannan Tarabulus a bakin teku. Fataken Gadamas da na Tarabulus suna da gidaje a cikin birnin Kano, kuma unguwar Dandalin Turawa tana tuna mana lokacin da kalmar "Turawa" take nufin Larabawan arewa. A ƙarshen ƙarni na 19, jemammun fatun awaki suna cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano, tare da hauren giwa da gashin jimina, daga Tarabulus kuma jiragen ruwa su wuce da su Ingila da Amurka.

Ya kamata mu tsaya a kan iyakar abin da tarihi ya tabbatar. An saba jin wasu suna cewa duk fatar da Turawa suka kira ta Maroko daga Kano ta fito. Wannan ya yi yawa. Majemar Fas tana nan da ramukanta na ɗaruruwan shekaru, Marrakesh ma haka, kuma Turkiyya ta daɗe tana sayar wa Turai tata. Abin da babu shakka a kansa shi ne, wani kaso mai daraja na fatar da aka sayar da wancan suna, daga bayan jajayen awakin Sakkwato da Katsina da Maraɗi ya fito, kuma hannun majeman ƙasar Hausa ne ya cire masa gashi da toka, ya jeme shi da bagaruwa, ya tausasa shi da mai, ya rina shi da karan dafi da kanwa. Fatar ta isa Turai, sunan wanda ya jeme ta bai bi ta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin mu yi fushi da Turawa, mu dubi namu harshen. Kakanninmu sun yi ƙarnuka suna fataucin Gwanja, suna kawo goron da aka sani da na Gwanja. Alhali kuwa itacen goro a dazuzzukan Asante yake, kudu da Gwanja. Kasuwar Salaga ce kawai take a ƙasar Gwanja, a can Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke haɗuwa da masu kawo goron. Manomin Asante ya yi wahala, Gwanja ta ɗauki suna, kuma mu ne muka ba ta. Haka atamfar da matanmu ke kira 'yar Holan: dabarar yin zanenta da kakin zuma daga tsibirin Jaba na Indunusiya take, mutanen Holan suka mai da ita aikin inji suka sa mata tambarinsu. Dokar a ko'ina ɗaya ce. Suna yana bin wanda ya miƙa kaya ga mai saye na ƙarshe, kuma riba mafi tsoka tana bin suna. Da Bahaushe ya ce suna linzami ne, halin mutum yake nufi, amma a kasuwa ma maganar ta zauna daidai, domin wanda ya riƙe linzami shi ke juya doki.

Sau ɗaya aka kusa ambaton mu. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kula da ɗakunan karatu na Ingila suka lura cewa bangon sababbin littattafansu yana ruɓewa yana zama jar ƙura, alhali na littattafan da suka girme su da ɗaruruwan shekaru yana nan garau. Aka kafa kwamitin bincike a Landan, ya fitar da rahoto a 1901, ya ɗora laifin a kan hayaƙin fitilun gas da kuma sinadarai masu ƙarfi da masana'antu suka shigo da su cikin jima. A wannan shekarar ce shahararren mai ɗinkin littafi Douglas Cockerell ya fitar da littafinsa kan sana'ar, inda ya yabi fatar akuyar da kamfanin Royal Niger yake kawowa daga Afirka. Fatar majemanmu ce ta bagaruwa. Daga nan aka samu sabon nau'i a kasuwar Ingila mai suna "Niger morocco". Dubi wannan suna da kyau. Rabinsa na Marrakesh ne, rabinsa na kogin Kwara da kamfanin da ke fatauci a kansa. Babu Kano a ciki, babu Sakkwato. Hanya ce kawai ta sauya daga hamada zuwa kogi, sannan zuwa jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, sunan ya sake bin sabuwar ƙofa.

Yanzu mu dawo gida. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, Sharaɗa ta biyo baya, sannan Challawa da ke cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, inda manyan masana'antun jima suka fi taruwa. Fatun awaki da tumaki suna zuwa musu daga kasuwannin Arewa da ƙasashen maƙwabta. A maimakon ramuka da bagaruwa, yanzu manyan ganguna ne masu juyawa da gishirin kurom, wanda ke gama aikin makonni cikin ɗan lokaci. Dokar Nijeriya ta hana fitar da ɗanyar fata da wadda ba a gama jeme ta ba, saboda haka abin da ke fita daga Challawa fata ce da ta sha aiki sosai. Amma ko gamammiyar fata, a wajen mai ɗinka jaka ɗanyen kaya ce. Mafi yawanta Italiya da Sifaniya take nufa, da kuma ƙasashen Asiya. A can ake yanka ta, a ɗinka, a sa mata tambari.

Babu wanda ya yi mana ƙwace a nan. A dokar kwastan ta Tarayyar Turai, asalin kaya shi ne ƙasar da aka yi masa aiki mai muhimmanci na ƙarshe. Jakar da aka ɗinka a Fulorans da fatar akuyar Illela, a doka 'yar Italiya ce, kuma mai sayenta a Dubai ko a Abuja kuɗin wannan suna yake biya. Abin da Marrakesh ta kasance a jiya, shi Italiya ta zama a yau. Bambancin kawai shi ne yanzu mun san farashin. Mutumin Panshekara da na Kumbotso sun san warin jiƙaƙƙiyar fata, sun san launin ruwan da ke gangarawa daga magudanun masana'antu zuwa kogin Challawa, ruwan da masu bincike a jami'o'inmu suka daɗe suna auna sinadarin kurom a cikinsa. Kason aikin da ya fi ƙazanta da haɗari a nan yake tsayawa. Kason da ya fi tsabta da riba yana can inda ake buga suna.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mu da kanmu muke taimaka wa wannan tsari. Ka shiga wajen masu ɗinkin takalma a Kano ko a Aba, za ka iske matashi ya yi aiki mai kyau da hannunsa, sannan ya ɗauko hatimi ya buga "Italy" a tafin takalmin. In ka tambaye shi dalili, zai ce maka in ya rubuta Kano mai saye zai rage kuɗi. Gaskiya ya faɗa, kuma laifin ya fi rataya a wuyan mai saye. Majemin ƙarni na 19 bai san da wane suna ake sayar da fatarsa a Landan ba. Jikansa ya sani, amma yunwar kasuwa ta sa yana ɗaukar sunan wani da hannunsa yana liƙa wa aikinsa.

Ana iya ƙwato suna, kuma wasu sun yi. Indiya ta yi wa shayin Darjeeling rajista a 2004, ta yadda ba kowane ganye ne zai ɗauki sunan ba. Habasha ta ja da kamfanin Starbucks kan sunayen gahawarta na Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har suka cimma yarjejeniya a 2007. A 2013 ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wannan hanya, sun sama wa kilishinsu da albasar Galmi irin wannan kariya, kuma tun farkon shekarun 1960 suke da cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi don kada irin ya ɓace. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta faɗaɗa wannan kariya zuwa kayan sana'ar hannu da na masana'antu, kuma ƙofarta a buɗe take ga masu sana'a na wasu ƙasashe. Nijeriya ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufarta ta fata a 2021, tana kuma da cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya. Kayan aikin suna nan.

Sai dai rajista takarda ce, kuma takarda ba ta jima. Kalmar "maroquin" ta rayu shekara ɗari biyar ne saboda mai saye ya san abin da zai samu in ya biya. In muna son a wayi gari ana cewa "fatar Sakkwato" ko "jimar Kano" a kasuwannin duniya, dole a rubuta abin da sunan yake nufi: wace akuya, wace irin jima, a wane wuri, wa zai duba ya sa hannu. Aikin yana farawa tun daga mayanka, domin wuƙar mai fiɗa in ta kuskure sau ɗaya ta rage darajar fata har abada, kuma duk shekara fatun layya masu yawa suna lalacewa saboda rashin gishiri da shanya a rana. Sarakunan fawa da dillalan fata suna da rawar takawa a nan fiye da kowane kwamiti. Haka kuma manyan masu saye a yau suna tambayar inda ruwan masana'anta yake zuwa, don haka tace ruwan Challawa ya zama sharaɗin ciniki, ban da kasancewarsa haƙƙin mutanen da ke noma da kamun kifi a bakin kogin. Ita kuma jimar bagaruwa ta majeman Ƙofar Wambai, wadda wasu ke gani aikin da ne, ita ce masu ɗinkin littafi na Turai suka yaba tun 1901, kuma babu kurom a cikinta. Ya kamata a riƙe ta a matsayin haja ta musamman mai farashinta daban.

Gwamnatocin jihohinmu suna sayen takalman ɗalibai da na jami'an tsaro da jakunkunan taro. Da za a ce duk wanda za a saya da kuɗin jama'a sai wanda aka ɗinka a gida kuma yake ɗauke da sunan garin da aka yi shi, da matashin nan ya ajiye hatiminsa na aro. Ga ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi kuma, akwai aiki a ƙofar gida. Kalmomin majema da dukawa, sunayen matakan jima da na kayan aiki da na ire-iren fata, daga ƙirgi da buzu zuwa gafaka da zabira da tandu, suna bakin dattawan da ke ƙarewa. Wanda zai kafa hujja a gaban duniya cewa wannan sana'a tamu ce tun da daɗewa, da waɗannan kalmomi da tarihin gidajen da suka gaje ta zai kafa ta. A je a zauna da su a rubuta tun suna nan.

Mu kuma masu saye, in mun ɗauki takalmi a kasuwa muka ga an rubuta Kano a tafinsa, mu duba ɗinkin da fatar, in sun yi kyau mu biya kuɗinsa ba tare da mun rage masa daraja saboda sunan ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.